Gwajin Ruwan Rijiya a Inda Ake Zargin Gurɓata: Sharhi Domin Dandin Mahe da Maƙwabtanta

Duk lokacin da wata cuta ta ɓulla a gari aka kasa gane kanta, rijiya ake fara tuhuma. A watan Afrilun 2024 Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta ba da sanarwar cewa tana binciken wata cuta a ƙaramar hukumar Isa ta jihar Sakkwato, wadda ta kama fiye da mutum ɗari, yawancinsu yara, da kumburin ciki da zazzaɓi da amai da rama. An ɗebi jinin marasa lafiya, an ɗebi ruwa da ƙasa da hatsi, gwajin farko kuma ya nuna dalma da sinadarin kuromiyam a jinin wasu daga cikinsu. Wanda ya ji irin wannan labari a Dandin Mahe ko Kajiji ko Sifawa, ba laifinsa ba ne idan ya tsaya ya dubi rijiyar ƙofar gidansa yana tambayar kansa abin da ke cikinta.

Dandin Mahe tana ƙaramar hukumar Shagari, maƙwabciyar Bodinga. A wannan yanki damina ba ta wuce wata huɗu, daga Yuni zuwa Satumba, sauran watannin kuwa abin da ƙasa ta adana ake sha, ta rijiyar guga ko fanfon tuƙa-tuƙa ko rijiyar burtsatse. Wannan sharhi bai zo ya ce ruwan wani gari ya gurɓace ba, domin zargi daban, hujja daban. Abin da ya zo ya warware shi ne ruɗanin da ke biyo bayan maganar nan da aka saba ji daga bakin jami'ai: "an ɗebi ruwa an kai gwaji." Wane ruwa aka ɗiba, daga ina, da me, a wane wata, kuma me aka nema a cikinsa? Amsar waɗannan tambayoyi ita ke nuna ko takardar sakamakon abin dogaro ce ko kuwa takarda ce kawai.

Ma'anar kalmomin da za a yi ta ambata

Ruwan ƙarƙashin ƙasa, a mafi yawan wurare, ba kogi ba ne da ke gudu cikin wani rami a can ƙasa kamar yadda mutane da yawa suka ɗauka. Ruwan sama ne da ya tsuma, ya sauka, ya cika 'yan kafofin da ke tsakanin yashi da tsakuwa da tsagar dutse. Shimfiɗar ƙasar da ke riƙe da shi har ta iya ba rijiya ruwa, ita za mu kira shimfiɗa mai ruwa. Ruwan yana tafiya daga inda ya fi tudu zuwa inda ya fi gangare, amma a hankali ƙwarai: cikin laka yana iya shekara bai yi nisan a zo a gani ba, cikin yashi ya fi sauri, cikin tsagar dutse kuwa yana iya yin tafiyar da zai ba mutum mamaki a 'yan kwanaki.

Samfur shi ne ɗan ruwan da aka zuba a kwalba domin ya tsaya a madadin sauran. Gwaji shi ne auna abin da ke cikin samfurin sau ɗaya. Sa ido kuwa shi ne maimaita gwajin a wuri ɗaya, da hanya ɗaya, rani da damina, shekara da shekaru, har a ga inda abin ya dosa. Rijiyar sa ido siririn bututu ne da ake haƙawa ba don sha ba, sai don auna zurfin ruwa da ɗibar samfur daga wani zurfi da aka zaɓa.

Ma'aunin da ake rubuta sakamako da shi shi ne miligiram a lita. Miligiram kashi ɗaya ne cikin dubu na giram. Ƙa'idar ingancin ruwan sha ta Najeriya, wadda Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki, SON, ta fitar a 2007 aka sabunta a 2015, ta sa iyakar dalma a kan miligiram 0.01 a lita, daidai da ta Hukumar Lafiya ta Duniya. Ma'anar wannan lamba ita ce giram ɗaya na dalma ya isa ya kai lita 100,000 na ruwa bakin iyaka, wato abin da zai cika tankar mai uku.

Me ya sa ido da harshe ba su isa ba

Duk wanda ya yi karatun zaure a ƙasar Sakkwato ya san babin ruwa a littafin Ishmawi: ana duba launi da ɗanɗano da wari kafin a ce ruwa ya halatta a yi tsarki da shi. Hukunci ne ingantacce a muhallinsa, kuma tambayar da yake amsawa ita ce ta alwala da wanka. Tambayar ko ruwa zai cutar da jikin mai shansa wata ce daban, kuma nan ne siffofin uku ba sa wadatarwa. Dalma a ma'aunin da ke lalata ƙwaƙwalwar yaro ba ta da launi, ba ta da ɗanɗano, ba ta da wari. Haka naitiret, gishirin da ke fitowa daga taki da bayan gida. Haka fulorayid da asanik, waɗanda ke narkewa daga wasu duwatsu. Ƙwayoyin cutar kwalara da taifot ma suna zama a ruwa garai-garai.

Akasin haka ma yana faruwa. Ruwan zartsi, ko wanda ke barin jan tsatsa a randa, ko wanda sabulu ba ya kumfa a cikinsa, mutane kan guje shi alhali sau da yawa abin da ke cikinsa ƙarfe ne ko narkakkiyar farar ƙasa, waɗanda illarsu ba ta kai ta abin da ba a gani ba. An sha barin rijiya mai ɗan zartsi a koma wadda ta fi daɗin sha, ba tare da an lura cewa ta fi kusa da shadda ba.

Akwai kuma dabarun gida da ake ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinsu. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin cuta, amma ba ta cire dalma ko naitiret ko fulorayid. Tana ma ƙara musu kauri, tunda ruwan ne ke tashi tururi su su zauna. Alif da garin ƙwayar zogale suna kwantar da laka. Kulorin yana kashe ƙwayoyin cuta. Babu ɗaya cikinsu da za a dogara da shi a kan gubar ƙarfe.

Abin da ke ƙarƙashin ƙasar yankin

Masana ilimin ƙasa sun raba duwatsun kwarin Sakkwato shimfiɗa-shimfiɗa, suka ba kowace sunan garin da aka fi ganinta a fili: Gundumi, Taloka, Dukamaje, Wurno, Dange, Kalambaina, Gwandu. Kwarin kansa ɓangare ne na wani babba da ya shiga Nijar har Mali. A 1973 hukumar binciken ƙasa ta Amurka ta wallafa rahoto a kan ruwan wannan kwari, wanda har yau masu haƙa burtsatse da ɗaliban jami'a suke komawa gare shi.

Biyu daga cikin shimfiɗun nan sun fi shafar mai rijiyar guga a kewayen Sakkwato da kudu maso yammacinta. Kalambaina dutsen farar ƙasa ce, irin wanda ake yin siminti da shi a masana'antar da ke garin mai wannan suna. A ƙarƙashinta akwai Dange, laka mai tauri wadda ba ta barin ruwa ya wuce. Ruwan sama yakan ratsa farar ƙasar ya tsaya a kan lakar, shi ya sa ake samun ruwa kusa a wurare da dama, har da marmaro. Alheri ne babba, amma yana da sharaɗi. Yashi mai kauri yana tace ƙazanta a hanya. Dutse mai tsaga ba ya tacewa, yakan bar ta ta wuce yadda ta shigo. Tazarar mita 30 da ake cewa a bari tsakanin masai da rijiya an tsara ta ne domin ƙasa mai tacewa. A kan farar ƙasa mai tsaga, mita 30 ba tabbas ba ce.

Shimfiɗar Dange kuma tana ɗauke da dutsen fosfet, wanda ake yin takin zamani da shi. A duk inda ake samunsa a duniya, irin wannan dutse yakan zo da fulorayid da ɗan kadmiyam da yuraniyam. Hakan ba ya nufin sun shiga ruwa, amma dalili ne da zai sa mai tsara gwaji a wannan yanki ya sa su cikin jerin abin da zai nema, ko da babu masana'anta ko wurin haƙar ma'adinai a kusa.

Daga ina gurɓata kan fito

Wadda ta fi yawa ita ce wadda aka fi rainawa: bayan gida na mutum da na dabba. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da UNICEF a 2016 zuwa 2017 ya samu ƙwayar E. coli, wadda ke nuna ruwa ya haɗu da bayan gida, a ruwan sha na kusan gida tara cikin goma da aka gwada a faɗin Najeriya. Abin lura, ruwan da aka ɗiba a cikin gida ya fi wanda aka ɗiba a bakin rijiya ko fanfo gurɓacewa, wato tulu da jarka da moɗa suna da nasu kason. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum dubu ɗari a ƙasar nan, fiye da dubu uku suka rasu, Sakkwato kuma tana cikin jihohin da abin ya shafa.

Sai noma. Yuriya da kamfa da ake zubawa a fadama da gonakin noman rani, abin da shuka ba ta sha ba ruwa ne ke kai shi ƙasa a matsayin naitiret. Maganin feshi ma haka, musamman inda ake wanke tankin feshi ko a yar da galan kusa da rijiya. Sai juji, da kududdufin da kwatar gari ke zuba a ciki, da tankin gidan mai da ya tsufa yana yoyo a ƙarƙashin ƙasa, da wurin da ake fasa tsohon batir a narke dalmarsa, da rijiyar da ta ƙafe aka mayar da ita bola. Ta ƙarshen nan ta fi kowace muni, domin hanya ce miƙaƙƙiya daga shara zuwa shimfiɗar da kowa ke sha.

Darasin Zamfara

A farkon 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da Yargalma. Aka gano dalma ce. Dutsen zinaren da ake haƙowa yana ɗauke da ita sosai, ana kawo shi cikin gida a daka, a niƙa, a shanya a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Kimanin yara 400 suka rasu.

A watannin Satumba da Oktoba na shekarar, wata tawaga ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta zo da kayan gwaji ta auna ruwan wasu ƙauyuka, har da Abare da Bagega da Dareta da Sunke. Ta samu dalma fiye da ƙa'ida a wasu rijiyoyin guga, a wani wuri ma ta ninka iyakar fiye da sau goma. Tafkuna sun gurɓace sosai. Amma ba ta samu gurɓatar a rijiyoyin burtsatse ba. Abin da ta fahimta daga nan shi ne dalmar ba ta bazu cikin shimfiɗar ruwan ba; ta sama take faɗawa, da ƙura, da ƙasar bakin rijiya, da igiya da gugan da ake ajiyewa a ƙasa. Karin maganar da ke cewa rijiya ta bayar guga ya hana ta faɗa daidai a nan.

Wannan bambanci shi ne zuciyar maganar gaba ɗaya. Da an auna rijiyoyin guga kaɗai, da an yanke cewa ruwan ƙasar ya lalace, a hana haƙa burtsatse, a bar mutane da tafki. Da an auna burtsatse kaɗai, da an ce ruwa lafiya lau, yara su ci gaba da shan na rijiyar tsakar gida. Tambayoyi biyu ne, kowace da irin ɗibar da ta dace da ita: me mutane ke sha, kuma me ke cikin ƙasa?

Ƙasar Anka da Bukkuyum ta tsohon dutse ce mai jijiyoyin zinare, ta Shagari da Bodinga kuwa ta shimfiɗun yashi da laka da farar ƙasa ce, don haka ba a tsammanin dalma ta fito daga dutsen yankin kamar yadda ta fito can. Sai dai buhun dutsen zinare yana hawa mota. A 2015 irin wannan annoba ta kashe yara a Shikira ta ƙaramar hukumar Rafi a jihar Neja. Duk garin da aka fara niƙa dutsen ma'adinai a cikinsa, ko daga ina aka kawo shi, ya zama wurin da ya kamata a sa wa ido.

Yadda ake ɗibar samfur na ƙwarai

Aikin yana farawa tun kafin a buɗe kwalba. Mai bincike zai zaga da ƙafa tare da mai unguwa da masu haƙa da yasar rijiya, domin su ne suka san gaba nawa aka yi kafin a tarar da ruwa, wace irin ƙasa aka ratsa, wace rijiya ke ƙafewa da bazara, wace ce aka yashe bara. Zai rubuta inda masai yake, inda juji yake, ko bakin rijiya yana da daɓe da murfi, ko ruwa na kwanciya a gefenta.

Sannan a auna zurfin ruwa a rijiyoyi aƙalla uku, kafin a fara ja da safe, a daidaita da tudun kowane wuri. Da wurare uku ake gane inda ruwan ƙasa ya dosa. Idan an san haka, sai a zaɓi rijiya ɗaya a sama da wurin da ake zargi, wadda gurɓatar ba za ta kai gare ta ba, da wasu a ƙasa da shi. Ta saman ita ce shaidar yadda ruwan yankin yake tun asali. In babu ita, duk abin da aka samu a na ƙasan ba za a iya cewa juji ne ko gidan mai ne ya kawo shi ba, mai wurin zai ce dama haka ruwan garin yake, kuma babu mai iya ƙaryata shi.

Idan tambayar ita ce me mutane ke sha, sai a ja ruwan da gugan da suke ja da shi, a kuma ɗebi wani daga randar cikin gida. Idan tambayar ita ce me ke cikin ƙasa, dole a fara zubar da kwantaccen ruwan da ya daɗe a bututu, domin ya sha iska, ya taɓa ƙarfe, ya canja. Abin da aka saba shi ne a fitar da ninki uku na ruwan da ke tsaye a bututun. Bututu mai faɗin santimita 5 da ruwa ya hau mita 10 a cikinsa yana ɗauke da kusan lita 20, don haka jarka uku za a zubar. Wata hanyar ita ce a riƙa ja a hankali ana auna tsamin ruwa da zafinsa da yawan gishirinsa har lambobin su daina motsi. Rijiyar guga mai faɗin mita 1 da ruwan mita 2 kuwa tana ɗauke da fiye da lita 1,500, ninki ukunsa ba abin da za a zubar ba ne a garin da ake layin ruwa. A nan sai a ɗiba bayan mata da 'yan garuwa sun gama jan safe, lokacin da sabon ruwa ya tsattsafo, da tsabtataccen abin ɗiba, daga ƙasa da fuskar ruwan, ba tare da an tayar da lakar gindi ba.

Kowane abin nema da irin kwalbarsa, kuma nan ne aka fi yin kuskure. Samfurin ƙarafa irin su dalma ana zuba shi a kwalbar roba da aka wanke da asid, a ɗiga masa ɗan asid domin kada ƙarfen ya manne a jikin kwalbar. Sau da yawa akan ɗebi biyu, ɗaya tatacce ɗaya yadda yake, domin a raba abin da ya narke a ruwa da abin da ke maƙale a ƙura.  Samfurin ƙwayoyin cuta yana son kwalbar da aka kashe duk wata ƙwaya a cikinta, a sa shi cikin ƙanƙara, ya isa ɗakin gwaji cikin awa shida in da hali, kada ya wuce awa 24. Samfurin fetur da danginsa yana son ƙaramar kwalbar gilashi da aka cika fal babu ko ƙwayar iska, in ba haka ba abin da ake nema zai gudu kafin a isa. Ruwan da aka ɗura a tsohuwar robar lemo, aka jefa bayan mota ya yini a zafin Afrilun Sakkwato, sakamakonsa ba ya tabbatar da komai, ko ya fito da kyau ko ya fito da muni.

Masu aikin ƙwarai suna tafiya da kwalbar shaida, mai ɗauke da tsarkakakken ruwan ɗakin gwaji, wadda za ta bi duk inda sauran suka bi. In aka samu dalma a cikinta, to daga kayan aiki ko hanya ta shiga. Suna kuma ɗibar tagwayen samfur daga rijiya ɗaya su ba su lamba daban-daban, domin a ga ko ɗakin gwajin zai ba da amsa ɗaya. A jikin kowace kwalba akwai sunan rijiya da rana da lokaci, akwai kuma takardar da duk wanda kwalbar ta bi ta hannunsa zai sa hannu. Ranar da magana ta kai gaban hukuma ko kotu, wannan takarda ce za a fara tambaya.

Kuma sau ɗaya bai isa ba. A ƙarshen rani, wajen Afrilu da Mayu, ruwa ya ja baya, gishiri da ƙarafa sun yi kauri. A tsakiyar damina, Agusta da Satumba, ruwa ya taso kusa da gindin masai, ambaliya tana wanko ƙazanta. Rijiyar da ta tsira a Maris tana iya faɗuwa a Agusta.

Karanta sakamako

Ban da dalma, ƙa'idar Najeriya ta sa naitiret a kan miligiram 50 a lita, fulorayid 1.5, kuromiyam 0.05, asanik 0.01, kadmiyam 0.003, E. coli kuwa kada a samu ko ɗaya a mililita 100. Abu biyu ya kamata mai karanta takardar ya kiyaye. Gwaji yana ganin abin da aka ce ya nema ne kaɗai. Takardar da ta auna tsami da gishiri da ƙarfe ta ce "ya dace da sha" ba ta ce komai ba a kan dalma ko maganin feshi. Sannan kalmar "ba a samu ba" tana nufin injin bai gani ba, kuma kowane inji yana da iyakar ganinsa. Injin da ba ya ganin dalma sai ta kai 0.05 zai ce ba a samu ba a ruwan da ya ninka ƙa'ida sau huɗu. Dole a rubuta wannan iyaka a jikin takardar.

Inda ra'ayi ya rabu

Wasu suna ganin da zarar an yi zargi a rufe rijiya har sakamako ya fito. Wasu suna cewa rufewa babu madadi tura mutane tafki ne, inda haɗarin ya fi tabbata. Duka biyun suna da gaskiya, kuma abin da zai raba gardamar shi ne irin zargin. Inda ake jin warin fetur, ko ake niƙa dutsen ma'adinai a kusa, ko yara sun fara kwanciya, a dakatar da sha nan take a kawo wani ruwan. Inda zargin na ƙwayoyin cuta ne, kulorin da tafasawa da gyaran bakin rijiya sun isa a riƙe kafin sakamako. A Bangaladash, da aka gano asanik a rijiyoyin fanfo masu ɗimbin yawa, an riƙa shafa jan fenti a bakin mai guba da kore a bakin mai kyau, jan a yi wanki da shi, koren a sha. Dabara ce mai arha da za ta yi aiki a kowane gari namu.

Akwai kuma masu cewa a daina wahala da rijiyar guga, a haƙa burtsatse kowa ya huta. Zamfara ta ba su hujja. Tibiri ta jihar Maraɗi kuwa ta nuna ɗaya fuskar. Rijiyar burtsatse da aka fara ba garin ruwa da ita a 1985 tana ɗauke da fulorayid da ya ninka ƙa'ida fiye da sau uku, aka yi shekaru goma sha ana sha kafin maganar ta fito fili, bayan ɗaruruwan yara sun samu lanƙwasar ƙashi da lalacewar haƙora. Babu wanda ya zuba komai a ruwan Tibiri. Daga dutsen ƙasa abin ya fito, kuma gwaji mai sauƙi da an yi shi tun ranar farko aka yi aiki da sakamakonsa da ya hana. Ban da wannan, rijiyar burtsatsen da ba a toshe gefen bututunta da siminti ba tana iya zama hanyar da ƙazamin ruwan sama zai gangara ya ɓata na ƙasa. Ra'ayin da ya fi ƙarfi shi ne kada a miƙa wa jama'a sabuwar burtsatse sai da takardar gwajinta, kuma a sake aunawa lokaci-lokaci.

Saɓani na uku ya fi zafi: a faɗa wa jama'a sakamakon ko a bar shi a ofis? Masu son a ɓoye suna tsoron firgici, da faɗuwar darajar fili, da ɓata sunan gari, da rasa sana'a. Tsoron na gaske ne, amma ɓoyewa ba ta da hujja. Uwar da ke dama wa jariri koko da ruwan rijiya tana da haƙƙin sanin abin da aka gani a cikinsa, da Hausa, a bakin wanda zai tsaya ya amsa tambayarta. Garin da aka ɗebi ruwansa aka tafi ba a dawo da amsa ba, gobe ba zai buɗe wa mai bincike ƙofa ba.

Abin da kan biyo baya

Illar dalma ta fi sauka a kan yaro ƙarami da mai juna biyu, kuma likitoci ba su san wani adadi nata da za a ce ba shi da lahani a jinin yaro ba. Tana rage kaifin ƙwaƙwalwa, raguwar da ba ta dawowa. Naitiret mai yawa yana hana jinin jariri ɗan ƙasa da wata shida ɗaukar iska yadda ya kamata, musamman wanda ake haɗa wa madara da ruwan. Ita kanta shimfiɗar ruwa, in ta ɓaci, gyaranta aiki ne na shekaru. A ƙasar Ogoni, rahoton Hukumar Muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2011 ya samu sinadarin benzin da ya ninka ƙa'ida sau 900 a rijiyoyin Nisisioken Ogale, ya kuma ƙiyasta cewa farfaɗo da yankin zai ɗauki shekara 25 zuwa 30.

Wa ke da alhaki

Hukumomin suna nan: hukumar samar da ruwa da tsabtar muhalli a karkara ta jiha, RUWASSA, da ma'aikatun lafiya da muhalli, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima, da NESREA mai sa ido kan masu gurɓata muhalli, ga kuma masana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, waɗanda ɗalibansu ke auna ruwan rijiyoyin jihar domin kundin kammala karatu. Ƙofar da ta fi kusa da talaka ita ce duba-gari na ƙaramar hukuma, ta hannun mai unguwa da uban ƙasa. Ƙorafin da aka rubuta, da sunan rijiya da abin da aka gani da ranar da aka fara gani, ya fi saurin samun amsa a kan wanda aka faɗa da baki.

Kafin mai gwaji ya iso, akwai abin da kwamitin ruwa na unguwa zai iya da igiya mai ƙulli da littafi guda: auna zurfin ruwan kowace rijiya sau ɗaya a wata, rubuta ranar da aka yashe ta ko aka zuba kulorin, ranar da launi ko ɗanɗano ya canja, da duk sabon masai ko juji ko injin niƙan dutse da aka kafa kusa. Ana kuma samun ƙananan kwalaben gwaji masu arha waɗanda ruwa ke yin baƙi a cikinsu bayan kwana ɗaya ko biyu idan ya haɗu da bayan gida. Ba su maye gurbin ɗakin gwaji ba, amma suna nuna rijiyar da ya kamata a fara da ita. Idan takardar sakamako ta dawo, a duba a ga sunan rijiya, da rana, da yadda aka ɗebi ruwan, da jerin abin da aka nema, da iyakar ganin injin, da lambar ƙa'ida a gefen kowace lamba, a ajiye kwafinta a littafin, sannan a tsayar da watan da za a dawo a sake ɗiba.